Jakar Saman Durowa

Litinin, da safe

Jiya Kawu ya tara mu a rumfar ƙungiya, kuma tun daga yadda yake ta gyara hula na san ba labarin daɗi ya kawo ba. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, shi ne shugaban ƙungiyarmu mai kula da dutsen nan, da ruwan da ke zubowa daga kansa, da ɗakunan baƙin da muka gina da hannunmu a gindinsa. Ni ke riƙe da makullan ɗakunan, ni ke shara da wankin zannuwan gado. Maigida shi ke yi wa baƙi jagora su hau dutse su sauko lafiya.

Filin ba namu ba ne, na hukuma ne, aro aka ba mu don a ga kamun ludayinmu. To yanzu wai wani kamfanin otal daga birni ya ƙyalla ido ya gani, yana so. Hukuma ta ce za ta turo wanda zai auna ko sana'ar nan ta amfani mutanen ƙauye, kafin ta yanke wanda za ta bar wa. In kamfani ya karɓa, da ma'aikatansa zai zo, mu sai dai leƙe ta bayan shinge.

Da muka dawo gida Maigida ya shige ɗaki. Ya zauna bakin gado yana cire takalmi, sai na ga ya ɗaga kai ya dubi saman durowa. Baƙar jakar tafiyarsa ce a can, wadda ya yi shekara da shekaru yana ɗauka zuwa birni aikin gini, ina ganinsa jefi-jefi kamar baƙo. Tun da aka buɗe ɗakunan nan ya ɗora ta can bai sake taɓa ta ba. Kallo ɗaya ya yi mata, amma ni na gane abin da ke ransa. Ba na so ya koma. Na rubuta a nan tunda ba zan iya faɗa masa ba.

Talata, da yamma

Kawu ya kwana da dabara ya tashi da ita. Ya ce shi ya san masu zuwa da tambaya kamar yunwar cikinsa. Shekarun baya da aka zo duba ƙauyukan da za a haƙa wa rijiyar burtsatse, mu muka share gari, muka sa kayan fita unguwa, muka tarbe su da fara'a. Mutanen ƙauyen gaba kuwa suka fito da tsummokara suna tari. Su aka haƙa wa, mu aka ce ai muna da hali.

"Wannan karon ba za a maimaita ba," in ji shi. "In suka ga muna da ɗan abin hannu, za su ce ashe wurin akwai maiƙo, su miƙa wa masu kuɗi. In suka ga ba mu da komai, su tausaya su bar mana kayanmu. Duk wanda aka tambaya ya ce babu."

Na ce, "Kawu, ba cewa aka yi za a auna ko mun amfana ba?"

Ya ce, "'Yar nan, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba." Maza suka yi ta gyaɗa kai. Ni ma na bi sahu. Wanda maciji ya taɓa sara ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, kuma mu duka mun ji jiki a maganar rijiyar nan.

Laraba, da rana

Yau kowa ɓarawon kayansa ne. An sauke farantan sola daga kan rufi. An kinkimi firij ɗin ɗakunan baƙi an kai rumbun Kawu an lulluɓe da buhuna. Babur mai ƙafa uku da ƙungiya ta saya don ɗauko baƙi daga titi, wanda kuma ke kai mana marasa lafiya asibiti, an tura shi bayan makaranta an jibga masa kara. Ƙawata Tela ta cusa sababbin kekunan ɗinkinta ƙarƙashin gado ta fito da tsohon nan mai kukan akuya. An kora awaki hayin rafi. Har takalman makaranta an karɓe wa yara, su kuwa murna suke, dama takalman matse su suke yi.

Ni ma ban tsira ba. Na cire labulena, na ɓoye tukwanen da na saya bara, na ɗauko zanin da na riga na mayar tsumman goge ƙasa na wanke shi. Maigida ya tsaya a ƙofa yana kallona ya ce, "Har da ke?" Na ce, "To ni kaɗai zan zama attajirar gari?" Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Alhamis, bayan la'asar

Ta iso a motar kasuwa. Ashe mace ce, Kawu kuwa namiji ya shirya wa. Doguwa ce mai tabarau, da takalmin roba irin na shiga gona, da jaka a baya. Tun kafin ta sha ruwa ta fara: wa ya gina wannan, da me aka yi rufin, ina ruwan wanka ke bi. Kafin rana ta yi sanyi yara sun raɗa mata Mai Tambaya, kuma sunan ya bi ta.

Na ba ta ɗakin ƙarshe mai kallon ruwa. Ta danna makunnin fitila a bango, shiru. Ta dube ni. Na ce, "Ai Malama, ado ne kawai." Allah ya yafe min. Ta ce, "Ba komai, Yaya, a ina zan sa caji?" Na ce sai dai a kai bakin titi. Na kawo mata fitilar ƙwan da na daɗe da jefarwa bayan ɗaki, ta karɓa da hannu biyu tana godiya. Da ma mai girman kai ce, da ƙaryar ta fi sauƙin yi.

Asabar, da yamma

Gida-gida take bi. Ta zauna a tabarma, a gaisa, sannan ta tambayi yadda gidan yake kafin a buɗe ɗakunan baƙi da yadda yake yanzu: me ake ci, yara na zuwa makaranta, wa ke aiki a ina, in ciwo ya zo yaya ake yi. Ba ta gaggawa, ba ta katse mutum.

Mutanenmu kuwa kowa ya zama gwanin kuka. Mai gadin ruwa ya ce rabonsa da nama har ya manta ɗanɗanonsa, ga kumatu nan sai sheƙi suke. Tela ta wuce gona da iri, har da share hawaye da bakin mayafi, wai baƙin nan ko zare ba sa saye. Ita da ɗinkin da suke ba ta ya fi ƙarfinta har sai da ta ɗauki masu taya ta!

Da ta zo kaina ta ce, "Yaya, ke fa, me ya canja a rayuwarki tun da aka fara?" Maigida na tsakar gida yana gyaran igiyar hawa dutse, ina jin motsinsa ta taga, yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. Na ce, "Babu." Ta jira ko zan ƙara. Na ce, "Babu abin da ya canja." Ta rubuta.

Lahadi, da safe

Jakar tana nan sama.

Litinin, da yamma

Baƙin ƙarshen mako sun tafi suna ƙunƙuni. Ba ruwan sanyi, ba wuta, kuma da ƙafa suka tako daga titi da kayansu. Wata uwa da 'ya'yanta ta tambaye ni ko ƙungiyar mutuwa take yi. A gaban Mai Tambaya ta faɗa. Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da naɗe zanin gado.

Ɗazu wayar Maigida ta yi ƙara, ya duba, ya zagaya bayan gida. Mutumin da ko abinci yake ci a gabana yake amsa waya. Na ji yana cewa, "To ranka ya daɗe, zan yi shawara." Tsohon ubangidansa ne na wurin gini, na san muryar da yake yi masa. Da ya dawo na zuba masa abinci. Ban tambaya ba, bai faɗa ba.

Laraba, da rana

Innalillahi.

Mai Tambaya ta ce ƙa'idar aikinta ce ba ta aika rahoto sai ta karanta wa waɗanda ta tambaya, ko akwai inda ta ji ba daidai ba. Muka taru a rumfa, kowa da tsummansa. Ta tashi ta karanta: ba wuta, ba abin hawa, yara ba takalmi, masu sana'a ba ciniki, gidaje na nan yadda suke tun da. Kawu sai murmushi yake yana zungurar na kusa da shi.

Sai ta cire tabarau ta ce, "Iyayena, ban ji daɗin abin da na samu ba. Umarnin da hukuma ta ba ni a fili yake. In sana'ar ta amfane ku, a bar muku ita. In ba ta amfane ku ba, a gwada wasu. Ku da bakinku kun ce ba ta tsinana muku komai ba. Wallahi na so in samu akasin haka."

Garin neman gira mun rasa ido. Kawu ya cire hula ya leƙa cikinta ya mayar. Tela ta damƙe min hannu har sai da na ji zafi.

Laraba, da yamma

Maigida ya sauko da jakar. Ya ajiye ta gefen gado da ƙurarta da komai. Ya ce an ba shi zuwa ƙarshen wata ya zo ko a ba wani gurbin.

Alhamis, da safe

Na share ɗakin, na kewaye jakar.

Asabar, bayan la'asar

Kawu ya sake kwana da dabara. Wai tunda babu ce ta kayar da mu, akwai ce za ta tashe mu. Aka mayar da sola kan rufi, aka fito da firij, aka yaye wa babur kara, awaki suka dawo. Da a nan aka tsaya da sauƙi. Ina! Sai da ya aika ƙauyen gaba aka aro babbar talabijin da saniya mai ɗan maraƙi. Duk gidan da Mai Tambaya za ta shiga, sai a riga ta da talabijin ta kan katanga, saniya ta biyo ta bayan gida.

Talabijin ɗin kuwa tana da tsaga a kusurwa, an manne da filasta. Ta gan ta a gidan Kawu, ta gan ta a gidan mai gadi. Da muka shiga gidan Tela ta ɗora yatsa kan filastar ta ce wa talabijin ɗin, "Sannu da zuwa, yau ma kin riga ni." Tela ta rasa inda za ta sa fuskarta.

A hanyar dawowa ta daina wasa. Ta ce, "Yaya, makon jiya ba ku da ko allura, yau kowa na da saniya. Wanne zan rubuta? In na rubuta na farko na cuce ku, in na rubuta na biyu na sa hannu a ƙarya. Firij ɗin ma ta ina zan san ba aro ba ne?" Ta ce ranar Alhamis za ta bi motar kasuwa, kuma abin da za ta rubuta shi ne ba ta iya tabbatar da komai ba. Na tambaye ta ko hakan zai ishe mu. Ta girgiza kai.

Na wuce kai tsaye gidan Kawu na faɗa masa maganar da 'ya ba ta faɗa wa kawunta. Ba zan rubuta ta ba. Da ya zage ni da na ji sanyi, amma sai ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa.

Lahadi, da safe

An yi ruwa da asuba, rafi ya kawo. Irin wannan ruwan aka yi a waccan daminar. Ba zan rubuta zancen waccan daminar ba.

Litinin, da yamma

Ba ma faɗa, ba ma hira. Sannu, yauwa, ga abinci, an gode. Jakar na gefen gado.

Talata, da hantsi

Dole in rubuta wannan tun da ɗuminsa.

Maigida ya fito da jakar tsakar gida zai kakkaɓe ta ya fara shiri. Ya ja zif, ya ƙi. Ya ɗiga masa mai, ya ƙi. Ya ɗauko filaya ya danne jakar da gwiwa yana ja yana tsaki. Ni ina bakin murhu na ba shi baya, ina roƙon Allah a zuci kada ya buɗu har abada. Ana haka Mai Tambaya ta yi sallama, ta zo karɓar ruwan zafi.

Shigowarta ke nan zif ɗin ya tsinke gaba ɗaya, Maigida ya tafi da baya ya zauna daɓas a cikin bahon wanki. Jakar ta wage baki. Ciki kuwa gari guda! Ashe zanzaro ya bi ta ɗan ramin da zif bai rufe ba, ya jera gidajensa na laka tun daga gindi har wuya, tsofaffi da sababbi, wasu kan wasu. Rigar aikinsa mai ƙyalli da hular kwano suna can ƙasa, an yi gini a kansu. Wasu suka fito suna ƙugi, ya rarumi murfin tukunya yana kare kai.

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace min ba. Mai Tambaya ma ta riƙe ciki. Shi kansa yana zaune a ruwan wanki yana cewa, "Ka ji 'yan haya, ko sallama babu!" Ina cikin dariyar sai na ji ta juye ta zama kuka, na kasa tsayar da shi. Maigida ya tashi ya shige ɗaki wai zai canja wando.

Ta zaunar da ni a tabarma. Ba ta tambaye ni komai ba, ni na fara. Na ce mata 'yata ta biyu ta yi zazzaɓi a wata damina yana birni. Ba abin hawa, rafi ya cika. Na goya ta na taka zuwa titi. Kafin saƙo ya same shi ya iso, an riga an kai ta makwancinta. Na ce, "Kin tambaye ni me ya canja na ce babu. Ƙarya na yi. Yanzu in jikin yaro ya yi zafi, ubansa na tsakar gida, babur na bakin ƙofa. Wannan ne ya canja, kuma shi nake tsoron a ƙwace min."

Ba ta rubuta ko harafi ba. Ta bari sai da na share fuska, sannan ta jawo jakar ta daɗe tana duba haƙoran zif ɗin da suka yi ja. Ta ce, "Talabijin ana aro, saniya ana aro. Tsatsa ba a aronta." Ta tambaye ni ko kowane gida na da irin wannan jakar. Na ce duk gidan da ya taɓa aika mutum birni, wato kusan duka. Ta ce in raka ta gobe, amma kada in gaya wa Kawu, don in ya ji zai aika a aro zanzaro.

Na san Maigida ya ji duk abin da na faɗa. Bangon ɗakinmu ba kauri gare shi ba, kuma canja wando ba ya ɗaukar wannan lokacin.

Alhamis, da yamma

Motar kasuwa ta zo ta tafi ba da ita ba. Tun jiya muke yawo. Ta yi sallama, a gaisa, ta ce, "A nuna min jakar tafiyar gidan nan." Kai, na ga ikon Allah. Ta mai gadi kaza ce kwance a ciki kan ƙwai, har ta sare shi a hannu. Ta mai dafa wa baƙi abinci cike take da irin wake. Ta mijin Tela an yanke gefenta tuni an yi wa sirdin keke faci. Wata da ta yi aikatau a birni ta jawo akwatinta, sabulun da take yi wa ɗakunanmu ne jere a ciki. Mai Tambaya na ɗaukar hoto, tana tambayar yaushe aka dawo, me ake yi yanzu, ko ana tunanin komawa.

A wasu gidajen kuma ƙusa kawai aka nuna mana a bango, mai jakar na can bai dawo ba. A nan ta fi daɗewa a zaune.

Ta ce jaka kaɗai ba ta isa hujja ba. Ta hau tsani da kanta ta ga zanen tsatsar da ƙafafun sola suka bari a kwano. Ta tare direban motar kasuwa, ya ce da can cike yake fita ya dawo wayam, yanzu ya koma ɗauko baƙi da kaya. Ta je wurin shugaban makaranta, ta je wurin ma'aikaciyar asibitin bakin titi, wadda ta ce ta san ƙarar baburinmu tun daga nesa. Na gaji liƙis, amma yau na ci abinci har na ƙara.

Asabar, da safe

Maigida ya kankare gidajen zanzaro ya kai wa Tela jakar ta sa sabon zif. Ashe har yanzu tafiyar na ransa.

Talata, da rana

Ta sake karanta mana a rumfa, wannan karon kowa da kayansa na kullum. Ta karanta masu daɗin, muna ta gyara zama. Sai ta shiga sauran. Gidajen hayin rafi ba abin da ke isa gare su, kuma a can ne ƙusoshi suka fi yawa. Leda da robobi sun fara cika gindin ruwa. Ranar da baƙi suka yi yawa mata ba sa samun wurin wanki. Mata ke rabin aikin, amma ko ɗaya babu a cikin masu yanke shawara. Duk gaskiya ne, mun sani, ba mu dai taɓa jin sa a jere ba.

Kawu ya yi gyaran murya ya ce, "Malama, ba za a ɗan rage wannan ɓangaren ba?"

Ta ce, "Baba, shi zai sa a yarda da sauran."

Ya sosa ƙeya. Sannan ya ce, "To rubuta. Ki ƙara da cewa shugabansu da wautarsa ya tsufa." Ta ce wannan ba ya cikin tambayoyinta. Rumfar ta kwashe da dariya, har shi. Da aka watse na bi shi na durƙusa na ba shi haƙuri kan maganar ranar nan. Ya ce, "Tashi, 'yar nan. Uwarki ma haka bakinta yake."

Alhamis, da hantsi

Mai Tambaya ta tafi. Ta mayar min da makulli da fitilar ƙwai, ta ce in ajiye adon bangon nan da kyau, yana da haske. Na tambaye ta ko za a bar mana. Ta ce ita aunawa ce aikinta, yankewa na wasu ne, amma abin da ta rubuta za ta iya tsayawa a kansa a gaban kowa. Ɗakin ƙarshe ya yi min faɗi da na shiga sharewa.

Lahadi, da yamma

Shiru daga hukuma. Tela kuwa Allah ya saka mata. Maigida ya je karɓar jaka ta ce ba zif mai tsawonta. Ya kawo zif ta ce allura ta karye. Ya sake komawa ta ce idonta ke ciwo. Ban roƙe ta ba, ba mu ma taɓa zancen ba.

Laraba, da yamma

Ya je ya zauna mata a shago har sai da ta ɗinka. Ga ta nan gefen gado, zif sai ƙyalli. Gobe Alhamis ɗin ƙarshen wata. Shiru daga hukuma.

Alhamis, bayan la'asar

Da sassafe ya fita da wasu baƙi uku da suka kwana, ya ce zai kai su gindin dutse ya dawo. Na wanke masa riguna tun jiya na ninke na ajiye kan jakar, don kada a ce ni na hana. Da hantsi motar ta iso. Direba ya yi hon, ya sake yi, ya leƙo ya ce, "Ina mutumin? An ce yau da shi za mu." Na ce ban sani ba, kuma da gaske ban sani ba.

Sai na ji fito daga sama. Haka yake yi in ya kai baƙi ƙololuwar dutse, don in san in ɗora ruwan shayi. Daga can kuwa ko gudu yake ba zai riski mota ba. Direba ya ɗaga kai ya duba, ya yi dariya, ya ja motarsa. Ni kuma na tsaya riƙe da tsintsiya kamar wata sakarya, sai da na tuna da ruwan shayin.

Da ya sauko na ce, "Hukuma fa ba ta ce komai ba."

Ya ce, "Na sani. In sun ba kamfani dutse, ai ba su ba shi gonar babana ba. Na gaji da gina wa mutane gidaje ina kwana a barandar shago." Sannan ya ƙara da cewa, ba tare da ya dube ni ba, "Kuma bangon ɗakin nan ba kauri gare shi ba."

Ya kwashe rigunan ya mayar durowa. Ya ja zif ya rufe jakar, ya ɗaga ta sama, sai kuma ya sauko da ita ya ɗan buɗe bakin kamar faɗin yatsa, ya mayar. Na ce, "Wannan kuma fa?" Ya ce, "'Yan haya."

Talata, da safe

Jiya aka bugo wa Kawu waya. An bar mana, amma da sharaɗi: a shigo da mutanen hayin rafi, a kwashe shara, a sa mata cikin masu shawara, kuma bayan 'yan shekaru a sake zuwa a auna. Kawu na ta yawo yana gaya wa mutane dama shi ya san haka za ta kasance. Tela ta ce in ban shiga kwamiti ba, ba ita ba ni har abada. Gobe za mu haye rafi mu zauna da su, kuma na san za mu sha magana, mun kuwa cancanta.

Ɗazu ina shara na ji ƙugi a saman durowa. Na ɗaga kai, ga zanzaro nan da ɗan ƙullin laka a baki, yana neman ƙofa. Na sauke tsintsiyata na jira har ya shiga.